Yadda ake yi wa sigari sakin da ba kome

Sau huɗu na bar sigari. Ukun farko salonsu kusan ɗaya ne: tari ya hana ni barci, ko mai ɗakina ta ji wari a rigata ta kau da kai, sai in tashi da asuba in yi rantsuwa. In yi kwana biyu, in yi biyar, sau ɗaya har na haura wata. Daga nan wata rana in biyo ta gaban teburin da na saba a unguwar Jekadafari da ke Gombe, in ji bakina ya ce, "Baba, ba ni kara ɗaya." Shi ke nan an koma gidan jiya. Na huɗun ne ya zauna, domin shi ne kaɗai na yi wa shiri kamar mai shirin doguwar tafiya. Ni tela ne, ba likita ba, amma abin da zan jero maka na bi shi da ƙafata, wanda kuma ya shafi magani zan nuna maka inda za ka tambaya.

Ka fara sanin igiyar da ta ɗaure ka

Igiya biyu ce. Ta farko sinadarin nikotin. Da ka zuƙa, cikin kamar daƙiƙa 10 ya isa ƙwaƙwalwa, bayan wajen awa 2 kuma rabinsa ya bar jininka. Da ya yi ƙasa sai jiki ya fara ƙorafi: ƙunci, hamma, rashin natsuwa. Ka kunna wata, ƙorafin ya kwanta, sai ka ce sigari na kwantar maka da hankali. Ita ta tayar da shi tun farko. Shi ya sa karan safe ya fi kowanne daɗi, ai an kwana ba a zuba ba.

Nikotin riƙe ka yake yi, hayaƙin ne ke yin kisan. Akwai sinadarai sama da 7,000 a cikinsa, wajen 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Har da gubar nan ta hayaƙin janareto, wadda ke kashe mutane a rufaffen ɗaki, kai kana shigar da ita kaɗan-kaɗan da hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, fiye da miliyan ɗaya a cikinsu ba su sha ba, zama kusa da mai sha kawai suka yi. Matarka da 'ya'yanka ke nan.

Igiya ta biyu sabo, wanda Bahaushe ya kira turken wawa. Ita ce ta fi daɗewa. Nikotin zai fita daga jikinka cikin 'yan kwanaki, amma hannunka zai yi watanni yana lalube aljihu bayan ka gama cin abinci.

Mataki na farko: mako guda na ƙirge

Kada ka daina tukuna. Ka samu 'yar takarda ka ninke a aljihu, ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka. Duk karan da ka kunna ka rubuta ƙarfe nawa, a ina, da wa, kuma me ya faru kafin nan. Kwana 7 cif.

Na ɗauka ina shan kara shida ne a rana. Takarda ta ce 11, ranar da aka yi rigima ma 15. Ta kuma nuna min cewa ba barkatai nake sha ba, tashoshi gare ni kamar motar haya. Ɗaya bayan shayin safe. Ɗaya duk sa'ad da aka ɗauke wuta keken ya tsaya. Biyu a jere idan mai ɗinki ya zo ya zazzaga min masifa a kan rigar da ba ta kammala ba. Ɗaya bayan abincin rana a lungun bayan shago a Babbar Kasuwa. Sauran duk a majalisa bayan Isha'i. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, taka takardar ba za ta yi kama da tawa ba. Direban da ke jigila tsakanin Gombe da Bauchi zai ga nasa a tasha ne wajen jiran lodi, maigadi kuma tsakar dare.

A ƙasan takardar ka yi lissafin kuɗi da farashin da kake saye. A ce kara naira 50 ne, kana shan 10 a rana: naira 500 ke nan kullum, 15,000 a wata, 182,500 a shekara. Mai sayen kara-kara ba ya taɓa jin zafin kuɗin, saboda canji ne ke tafiya. Sai ka gan shi a dunƙule.

Na biyu: tsayar da rana

Ka zaɓi rana cikin mako biyu masu zuwa. In ta yi nisa zafin niyyar zai huce. Ka duba takardarka ka kauce wa lokacin da aiki ya fi matsa maka. Tela da ya ce zai daina ana saura kwana biyar Sallah yaudarar kansa yake yi, na gwada.

Azumi fa? Dama ce babba, amma yawancinmu muna ɓarar da ita. Mutum ya yi awa 13 ko 14 bai zuƙa ba, bai mutu ba, ana kiran Magariba ya jefa dabino ɗaya ya zagaya bayan gida, ya kunna biyu a jere har jiri ya ɗebe shi. In za ka yi amfani da Ramadan, to yaƙinka tsakanin Magariba da Isha'i yake. Ka sha ruwa a cikin iyalinka ko a masallaci, kada ka keɓe, ka zarce Asham, ka dawo ka kwanta. In kuwa azumi da saura watanni, kada ka ce sai ya zo. Wannan "sai azumi" ɗin ya ci min shekara uku.

Wasu kan rage kaɗan-kaɗan kafin ranar. Ba laifi, muddin ranar yankewa na nan ba ta motsi. Ni ragewa ba ta taɓa yi min ba, domin in na sauko kara uku sai kowanne ya zama kamar naman Sallah, in wuni ina jiransa.

Na uku: fasa sirrin, ka kuma sallami mai tebur

A nan namu ya bambanta da na wasu wurare. Yawancin masu shan sigari a garin nan a ɓoye suke sha. Mahaifi bai sani ba, surukai ba su sani ba, mata ta sani amma an yi kamar ba ta sani ba. Ana gamawa a jefa Tom Tom a baki, a fesa turare, a shiga gida da sallama. Mai sha a ɓoye a ɓoye yake dainawa, a ɓoye kuma yake komawa, ba wanda zai ji kunyarsa.

Ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu da kake jin nauyinsu, waɗanda ba za su mayar da maganar wa'azi ba. Ni wana na samu bayan sallar Juma'a, na ce, "Yaya, akwai abin da na daɗe ina yi, ina so in bari ranar Litinin." Ya ce, "Ai na sani tun kana sakandare. Me kake so in yi maka?" Na ce ya riƙa kirana kullum bayan Isha'i, na wata guda. Mai ɗakina kuwa na roƙe ta haƙuri tun kafin a fara, na ce mako biyu masu zuwa in ta ga ina faɗa a kan gishirin miya ta san ba ni ba ne. Ta ce, "Allah Ya sa wannan karon da gaske ne, maigida." Maganar ta yi min zafi, amma da gaskiyarta.

Sai mai tebur. Za ka ji ana cewa ka zubar da kwalin da ke gidanka. Mu da yawanmu ba mu taɓa ajiye kwali ba, kwalinmu na wurin mai tebur, ga shi a kowace kwana, ga bashi yana bayarwa. Tun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma ka je kowace tasha ka gani da idonka. Doka ba za ta tsare ka ba, sai ka tsare kanka.

Na je na biya tsohon duk abin da yake bina, har da na goro. Na ce, "Baba, daga Litinin ko na zo ina kuka kada ka ba ni." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, kai ne na nawa da ya faɗa min haka." Amma ya riƙe amana. Sannan na canza hanya. Tsawon wata biyu ina zagaye mai nisa zuwa shago don kada in bi ta gabansa.

Na huɗu: maganar magani

Wannan ne na yi wa girman kai a karo ukun farko, ina ganin namiji ba ya neman taimako a kan ɗan karan taba. Ka je ka ga likita, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Asibitin Ƙwararru, ko wanda ya fi kusa da kai, ko ka samu ƙwararren mai haɗa magunguna a babban kantin magani. Ka faɗa masa kara nawa kake sha da kuma minti nawa kake yi da farkawa kafin ka kunna na farko. Da waɗannan biyun ake auna yadda abin ya kama ka.

Akwai nikotin tsantsa da ake bayarwa ba hayaƙi, don jiki ya sauka a hankali kai kuma ka ji da sabon. Yana zuwa a filasta, da cingam, da alewar tsotsa. Filastar kan zo da ƙarfi uku, miligiram 21, 14 da 7. Mai shan sama da kara 10 a rana yakan fara da babbar, ya riƙa sauka cikin mako 8 zuwa 12. Ana manna ta da safe a busasshiyar fata marar gashi, dantse ko ƙirji, kullum a canza wuri. A zafin Gombe na watan Maris da Afrilu gumi kan ɗaga ta, ka danne ta sosai da tafin hannu lokacin mannawa.

Cingam ɗin kuwa mutane da yawa suna ɓata shi da taunar banza, su ce yana sa su shaƙuwa da tashin zuciya. Ba a yi masa taunar cingam ɗin yara. Ka tauna a hankali har ka ji yaji-yaji, ka tura shi tsakanin kunci da dasashi ka bar shi, in yajin ya lafa ka sake taunawa ka mayar, har wajen minti 30. Kada ka sha shayi, kofi ko lemo minti 15 kafin ka saka, suna hana shi shiga jiki. Akwai na miligiram 2 da na 4, mai miligiram 4 ɗin na wanda ke kunnawa cikin rabin awa da tashi daga barci ne. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya shi kaɗai aiki. Mai azumi ya san cingam da alewa sai dare, filasta kuma ya tambayi malaminsa.

Akwai kuma ƙwayoyi da likita kaɗai ke rubutawa: varenicline, bupropion da cytisine, duk suna cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idojin da ta fitar a 2024. Kada ka saya da ka. Bupropion, misali, ba a ba mai farfaɗiya. Mace mai ciki, da wanda ya taɓa samun bugun zuciya, da mai shan maganin ƙwaƙwalwa ko na asma, lallai su gaya wa likita za su daina, domin barin hayaƙi kan canza yadda jiki ke sarrafa wasu magunguna, har a buƙaci rage su.

In ba ka samu ko ɗaya ba, ko aljihu bai kai ba, kada ka ɗaga ranarka. Mutane da yawa sun bari ba magani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ruwan jarka da ake tallarsa da lasifika wai yana raba mutum da kowane irin shaye-shaye cikin kwana uku. Haka komawa shisha, ko sigarin lantarki, ko tabar shaƙa ta hanci, ko garin taba a dasashi. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Shisha ma da 'yan mata da samari ke ɗauka ƙamshin 'ya'yan itace ne kawai, ruwan da ke cikin tulun ba ya tace gubar, ga hayaƙin gawayi a kai.

Daren jajibiri

Ashana da laita su bar aljihunka. Ka bayar da riguna da huluna wanki, ka share ɗaki ko mota, ka leƙa inda kake ɓoye na ko-ta-kwana, saman katanga ko aljihun tsohuwar jamfa. Ka sayo asuwaki sabo, da aya, da gyaɗa, da kanumfari kaɗan.

Kwana ukun farko, da makon da ke biye

Ba zan ɓoye maka ba, rana ta biyu da ta uku su ne ƙololuwa. Kai zai yi nauyi, rai zai riƙa ɓaci ba dalili, barci ya yi ta yankewa, tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. A rana ta uku na ɗinka hannun riga a baibai sau biyu, na zauna ina kallon keken kamar in yi kuka. Yawancin wannan kan lafa cikin mako 2 zuwa 4.

Abin da ya cece ni shi ne gane cewa sha'awar ba ta zama. Tasowa take yi kamar guguwar bazara, ta yi minti biyar ko goma ta wuce, ko ka sha ko ba ka sha ba. Aikinka duk bai wuce tsallake waɗannan mintunan ba, sau da yawa a rana. Da ta taso ka dubi agogo, ka tashi daga inda kake. Ka tsotsi ruwan leda mai sanyi a hankali. Ka ja numfashi ta hanci har ciki ya cika, ka sake shi ta baki sannu-sannu, sau goma, ai rabin abin da kake kira daɗin sigari dogon numfashin nan ne. Ka yi alwala, ruwa a fuska da wuya na karya ta. Ka sa asuwaki a baki, tsawonsa da kaurinsa kusan na kara ne, hannu da leɓe duk sun samu abin yi, ga lada.

Yanzu ka ɗauko takardar nan ta makon ƙirge, kowace tasha ka ba ta madadi tun kafin ka iso ta. Ni bayan cin abinci ba na ƙara minti ɗaya a zaune, sai in miƙe in wanke baki. In an ɗauke wuta, maimakon lungu sai in ɗauki almakashi in hau yanka. Shayin safe na koma sha a gida.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba, game da goro. Da yawa kan maye gurbin sigari da goro da kofi. Hayaƙin taba na sa hanta ta riƙa ƙone sinadarin kafeyin, mai hana barci, da ke cikinsu da sauri. Da ka daina, goron da ka saba ci zai riƙa daɗewa a jikinka, sai ka ji zuciya na bugawa, hannu na rawa, ido ya bushe har asuba, kai kuma ka ɗora wa rashin sigari laifi. Ka rage goro da Nescafé zuwa rabi, bayan La'asar kuma ka bar su.

Bayan gida na iya yin tauri, ka yawaita ruwa da ganye, zogale, rama, gwanda. Yunwa za ta buɗe, baki ya dawo da ɗanɗano, ƙiba kaɗan ba abin tsoro ba ce, amma kada ka mayar da alewa da lemon kwalba abokan hira. Tattaki bayan Asuba, ko zagaye a filin wasa na Pantami, yana rage sha'awar ya kuma dawo da barci. Tari na iya ƙaruwa a makonnin farko saboda huhu na fitar da dattin da ya tara. Amma tarin da ya wuce mako 2 da zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, ko jini a majina, ba na barin sigari ba ne. Ka je a gwada ka, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ciwon ƙirji mai matsewa, ko baƙin cikin da ya kai ka ga tunanin cutar da kanka, shi ma asibiti a ranar.

Majalisa

Wata guda ka ƙaurace mata, in ana busawa a wurin. Za a ce ka zama ustazu, a ce matarka ta mallake ka. Ka yi dariya ka wuce. Ranar da ka koma, wani zai miƙo maka, wani da tsokana, wani da kirki don bai sani ba. Kada ka ce "ina ƙoƙarin dainawa", wannan ƙofa ce a buɗe, za a ce to sha wannan na bankwana. Ka ce "na daina", ka mayar da hannu aljihu. Ka zauna ta inda iska ba ta kawo maka hayaƙin, hira ta fara tsawo ka yi sai da safe.

Bayan wata guda

Nan ne na faɗi a karo na uku, kuma nan ne na ga yawancin abokaina sun faɗi. Wahala ta wuce, numfashi ya buɗe, sai zuciya ta ce ai yanzu ka fi ƙarfinta, kara ɗaya don ka gwada kanka ba zai yi komai ba. Ƙwaƙwalwar da ta saba da nikotin ba ta mantuwa. Karan da na sha a zaman makokin wani abokina, da sunan baƙin ciki, ya mayar da ni kara 11 cikin kwana tara.

Lokutan da za ka sa wa ido sanannu ne: rasuwa, rigimar gida, karayar jari, biki, da tafiya garin da ba wanda ya san ka. Kafin ka shiga mota ka tanadi asuwakinka, ka gaya wa mutumin nan naka cewa ka yi tafiya ya kira ka da dare.

Kuɗin sigarin ka riƙa ware shi kullum, a asusu ko ka shiga adashi da shi, don ido ya ga abin da aka tsira da shi. Jiki ma yana nasa tarin. Cikin awa 12 gubar janareton nan ta sauka a jini. Tsakanin mako 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu na gyaruwa. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu zuwa kamar rabin na mai sha, na ciwon dajin huhu kuma sai wajen shekara 10 yake kai rabi.

In ƙaddara ta sa ka zame ka sha, kada ka ce tunda alwala ta karye bari in ƙarasa kwalin. Ka yar da ragowar a wurin. A daren ka kira wanda ka ba amanar ka faɗa masa da bakinka, kafin ya ji wari. Ka ɗauko takardar ka ƙara wannan tashar da ba ka san da ita ba, ka rubuta abin da za ka yi in ka sake isowa gare ta. In kana kan filasta ko ƙwaya kada ka tsayar, ka ci gaba, ka koma wurin likitan cikin makon ya duba ko ƙarfin da ya ba ka ya yi kaɗan.